Filin Tambaya da Amsa: Masu Kwana a Daji Cikin Talabijin, Wa Ke Gaskiya Wa Ke Wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gadi ne a wani gida a Ikoyi, shekarata shida a Legas. Da yake dare yana yi mini tsawo, na saba da kallon shirye-shiryen Turawan nan da ake kaiwa daji a bar su su nemi abin da za su ci. Ranar Lahadi gardama ta kaure a teburin mai shayinmu a Obalende. Ni na ce babu kamar Bear Grylls, mutumin da ke dirowa kogi daga kan dutse, ya kama maciji ya gasa ya cinye. Wani abokina direban tirela da ke lodi a Apapa ya ce wannan duk fim ne, wai shirin Alone shi ne na gaske. Har aka tashi ba wanda ya sauko. Don Allah ka raba mana gardama.
Daga mai karatu a Ikoyi

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya tsare ka a bakin aikinka.

Kafin in taɓo Turawa bari in fara da kawuna, Allah ya jiƙansa, don da shi nake auna duk wanda na ga ya shiga daji. Mafarauci ne a ƙauyenmu da ke gefen dajin Falgore. Ina ɗan shekara goma sha huɗu ya fara tafiya da ni. Wata rana da bazara muna bin sawun gada, hanya ta ɓace mana. Rana ta take, ruwan gorarmu bai kai rabi ba. Hankalina ya tashi, ina ta cewa mu yanka nan, mu hau dutsen can mu hango. Kawu bai ko dube ni ba. Ya nemi gindin wata kanya, ya share ganye da sanda don kada a zauna wa maciji, ya ce, "Zauna. Ka kuma rufe bakinka, yawu ma ruwa ne." Muka zauna tun kafin azahar har rana ta yi sanyi. Can da yamma ya lura da inda kurciyoyi ke nufa, muka bi su sannu a hankali har muka faɗa wani busasshen rafi. Ya je daidai inda rafin ya yi kwana, ya tona yashi har hannunsa ya shige zuwa gwiwa, muka jira, ruwa ya tsattsafo. Da a ce ranar akwai mai ɗaukar hoto tare da mu, babu tashar da za ta sayi abin da ya ɗauko. Awa huɗu ne na tsoho da yaro zaune a inuwa ba mai cewa uffan.

To ka riƙe wannan a ranka, mu koma kan gwaninka. Duk lokacin da kake kallon irin wannan shiri, ka fara tambayar kanka wa ke riƙe da kamara. Idan ka ga Bear Grylls ya diro daga kan dutse, an nuna maka shi ta sama, an nuna shi ta gefe, an kuma nuna shi yana faɗawa ruwa ta ƙasa, ai ka san akwai mutane a sama da gefe da ƙasa, ko kuwa an maimaita tsallen. Mutanen nan kuma suna cin abinci, suna da ruwa da magani da hanyar komawa gida. Shirinsa na Man vs. Wild ya fara fita a tashar Discovery a 2006, ya yi ta gudana har 2011. A 2007 jaridun Ingila suka fallasa cewa akwai daren da aka nuna kamar a daji ya kwana, alhali a otal ya kwana. An ce tsibirin da aka nuna kamar babu kowa, wani yanki ne na Hawai. An ce kwale-kwalen itatuwan da ya ɗaure, ma'aikatan shirin ne suka fara haɗa shi suka gwada, suka kwance, sannan aka ɗauke shi yana haɗawa. Dawakin da aka kira na jeji ma na kiwo ne aka kawo. Bayan wannan ne tashar ta fara rubutawa a farkon shirin cewa ana taimaka masa, kuma wasu yanayin shirya su ake yi. Shi ma daga baya ya nemi afuwar waɗanda suka ji an yaudare su.

Ba na so ka ɗauka rago ne. Ya yi aikin soja a rundunar SAS ta sa-kai a Ingila. A 1996 laimarsa ta ƙi buɗewa sosai yana saukowa daga jirgi a Afirka, ya karye a gadon baya wuri uku, bayan shekara biyu kuma ya hau ƙololuwar dutsen Everest yana ɗan shekara 23. Ruwan sanyin da yake faɗawa na gaske ne, tsutsar da yake taunawa ta gaske ce. Abin da ba na gaske ba shi ne larurar. Wanda ya ɓata da gaske ba ya gudu, ba ya tsalle, ba ya shiga kogo don ya ga abin da ke ciki, domin targaɗe ɗaya a idon sawu ya ishe shi ajali in babu mai ɗauko shi. Ka tuna a 2015 ya tafi da Barack Obama dajin Alaska yana kan mulki, a 2019 kuma ya tafi da Narendra Modi wani gandun daji a Indiya. Kai da kake aikin gadi ka fi ni sanin ba a barin shugaban ƙasa ya taka inda ba a riga an share ba.

Akwai wanda ku biyun ba ku ambata ba, shi ne Les Stroud, mutumin Kanada mai shirin Survivorman. Shi kaɗai ake sauke shi, kwana bakwai, ba mai ɗaukar hoto. Kamarorinsa da ƙafafunsu da batura a bayansa suke, kaya ne da ya haura kilo ashirin. In ka ga an nuna shi yana tafiya har ya ƙanƙance a nesa, to sai ya dawo ya ɗauki kamarar ya sake taka wannan tafiyar, da yunwarsa da ƙishirwarsa. Sau da yawa zai ɗana tarko ya wayi gari babu komai, ya yi ta murza itace wuta ta ƙi kamawa, ya zauna yana gaya maka kansa na ciwo. Matasa kan ce shirin ba armashi. Ni kuwa a cikinsa na fi ganin kawuna.

Sai Alone, wanda abokinka ya tsaya a kai. Tashar History ta fara shi a 2015. Mutum goma ake ɗauka, a kai kowa wurinsa nesa da ɗan'uwansa. Kowa zai zaɓi kaya goma daga jerin da aka yarda, irin su gatari, tukunya, wuƙa, ƙugiya, baka da kibiya, ƙyastu. Kowa shi zai ɗauki kansa a hoto. Ana ba shi waya irin turaya, ranar da ya gaji ya buga a zo a ɗauke shi. Ba wanda ya san saura mutum nawa. Wanda ya rage shi ke karɓar dala 500,000.

Zagayen farko a tsibirin Bankuba na Kanada aka yi. Kafin kwana goma, shida cikin goma sun koma gida. Wani ko kwana ɗaya bai cika ba saboda tsoron beyar da ke kewaya masa tanti. Wani ƙyastunsa ne ya ɓace, ya duba ya duba bai gani ba, ya san ba wuta ba tafasasshen ruwa, ya buga waya. Alan Kay ne ya ci, da kwana 56. A zagaye na uku, a Patagoniya ta ƙasar Ajantina, wata mata mai suna Carleigh Fairchild ta kai kwana 86 ba ta ce ta gaji ba, likitocin shirin ne suka auna ta suka ga ramar ta wuce iyaka suka cire ta, washegari Zachary Fowler ya ci da kwana 87. Nan ne za ka ga bambanci da idonka. Gwaninka yana gama shiri da kumatunsa yadda ya shiga. Waɗannan kuwa kana kallo wuya na tsawo, ido na zurmawa, mutum ya tashi tsaye jiri ya kwashe shi. Yunwa a ba ki a huta, ba a iya wasan kwaikwayonta.

Wanda ya fi burge ni shi ne Jordan Jonas a zagaye na shida, a gaɓar wani babban tafki a arewacin Kanada. Ya harbe wata ƙatuwar barewar ƙasashen sanyi mai girman bijimi da kibiya, nama tuli. Kowa ya ce ai ya gama. Sai ga wata dabba mai halin dage ta hau rumbun da ya kafa ta sace masa kitse, ya shiga damuwa sosai, domin tsokar da ba maiƙo ba ta riƙe jiki a cikin sanyi, kana ci kana ramewa. Duk wanda ya taɓa zama da mahauta a Abbatuwa ta Oko-Oba ya san darajar kitse, amma ban taɓa ganin an nuna ta a fili kamar nan ba. Ya kai kwana 77 ya ci. Ka san inda ya koyo? Ya zauna shekaru da makiyayan Saiberiya yana bin dabbobinsu. Wato wurin Fulanin can ya yi makaranta. A zagaye na bakwai, a 2020, aka ce duk wanda ya kai kwana 100 zai karɓi dala miliyan ɗaya, Roland Welker ya gina ɗakin dutse ya zauna ya cika su.

Amma ka gaya wa abokinka shi ma kada ya cika baki. Mai waya a aljihu da likita mai zuwa duba shi bai ɓata ba. An yanka wa kowa iyakar da ba zai wuce ba, dokar ƙasa ta hana shi taɓa wasu dabbobin, wasu kuma sai sun ci sun yi ƙiba da gangan kafin su shiga, har abin ya kan zama gasar wa zai fi jinkirin ramewa. Kuma ana tattaro hoton makonni ne a tsince abin da zai riƙe mai kallo, a ɗora masa kiɗa. Babban bambancin ma shi ne wannan: wanda ya ɓata so yake ya fita, su kuwa so suke su daɗe.

Duk da haka abokinka ya fi ka kusa da gaskiya. In nishaɗi kake so, ka kori barci ƙarfe biyun dare, gwaninka ya iya, ba shi da na biyu. In kana son ganin abin da daji ke yi wa mutum, Alone da Survivorman. Ka kuma lura da abin da ya fi mayar da su gida. Sau da yawa ƙato ne mai ɗaki da wuta da kifi a rataye, sai ya fito da hoton 'ya'yansa ya duba, ya fashe da kuka, ya ɗauko waya. Kai da ka bar iyali a Arewa kana kwana kai kaɗai a bakin get shekara shida, ba sai na fassara maka wannan ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana ɗan shekara goma sha biyu ya maƙale wa irin waɗannan shirye-shirye a wayar yayansa. Rannan na ji yana gaya wa ƙannensa wai in mutum ya rasa ruwa sai ya sha fitsarinsa, wai ya gani. Na kuma leƙa na ga wani shirin da mace da namiji ke yawo a daji ba sutura. In hana shi gaba ɗaya ne?
Daga wata uwa a Idi-Araba

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Wancan na marasa sutura sunansa Naked and Afraid, tun 2013 ake yinsa, ana haɗa mace da namiji da ba su san juna ba su yi kwana 21. Wannan ki hana, ba sai an yi shawara ba. Ko an ajiye maganar addini da kunya, cire tufa ba dabarar tsira ba ce, dabarar jawo 'yan kallo ce. Riga da takalmi su ne kariyar farko daga rana da ƙaya da sauro.

Maganar fitsari kuwa ki zaunar da shi ki gyara masa yau, kada ki bari sai gobe. Najasa ne, sannan ba ya kashe ƙishirwa. Gishiri ne da dattin da ƙoda ta tace ta fitar, in aka mayar sai jiki ya sake neman ruwan da zai fitar da su, ga shi mai ƙishirwa fitsarinsa ya fi kauri. Littafin da ake koyar da sojojin Amurka dabarun tsira da shi ma ya jera shi cikin abubuwan da ba a sha, tare da ruwan teku da jini. Tunda a Legas muke, ki haɗa masa da ruwan teku da na lagun, kada wata rana a je Badagiri ko bakin ruwan Lekki ya ce zai gwada. Ƙishirwa ba abin wasa ba ce a wurinmu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne a ciki, akasarin mutanen kuma daga yankin Kantche na jihar Damagaram suke, masu magana da harshen nan da nake rubutu da shi.

Abu na biyu da nake tsoro shi ne maciji. A talabijin ana cafke shi ta wuya kamar igiya. Ki gaya masa ba a taɓawa, ko ya ga kamar ya mutu. In kuma tsautsayi ya sa ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau da igiya. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kububuwa ba a banza ake ce mata gobe da nisa ba, ita ce ta sa har aka yi asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta jihar Gwambe. Haka ɗanyen rogo mai ɗaci, guba ne sai an jiƙa an sarrafa. Ruwan da ba a yarda da shi ba kuma a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Amma ban ce ki kashe masa sha'awar ba. Ki ba shi labarin yaran nan huɗu na Kolombiya da jirginsu ya faɗi a dajin Amazon ranar 1 ga Mayu 2023, uwarsu ta rasu, ba a same su ba sai bayan kwana 40. Babbar shekararta 13, ƙaramar ba ta cika shekara ba. Garin rogon da ke cikin jirgin suka fara ci, da ya ƙare suka koma 'ya'yan itatuwan da babbar ta sani tun a gida wurin kakarsu. In an yi hutu ki tura shi Arewa wurin tasa kakar. Ta nuna masa kanya da ɗinya da taura da magarya a jikin bishiyarsu, ba a faranti a kasuwar Mile 12 ba. Ta nuna masa tafasa da yaɗiya, ta kuma nuna masa tumfafiya ta ce wannan ruwanta ba ya zuwa kusa da ido.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Ojo. Mu fa a Najeriya ba mu da irin wannan? Na ji ana maganar Gulder Ultimate Search. Kuma me ya hana a yi na Hausa?
Daga ɗalibi a Alaba Rago

AMSA: Ɗana, an yi shi, kuma a nan Legas aka fara, a tsibirin Snake Island a 2004, wanda ya ci ya tafi da naira miliyan uku. Daga nan aka kai shi tsaunukan Obudu da sauran wurare. Sai dai gasa ce ta neman ɓoyayyar taska, da tsere da warware wasa ƙwaƙwalwa da korar mutum ɗaya-ɗaya, dajin fili ne kawai aka ara. Kamfanin giya ne kuma ya ɗauki nauyinsa, shi ya sa gidajenmu da yawa ba su kalla ba. Ko a hakan daji bai bar halinsa ba, a 2007 wani ɗan takara ya nutse a ruwa a yankin tsaunukan Shere kusa da Jos.

In kana son hoton tsira na gaske daga ƙasar nan, ka nemi na Harrison Okene, kukun wani jirgin ruwa da ya kife a tekun jihar Delta a watan Mayu na 2013. Su goma sha biyu ne a jirgin, shi kaɗai ya rayu. Ya yi kusan awa 60 a zurfin mita 30, cikin duhu, a ɗan lungun da iska ta maƙale, da kwalbar lemo guda. Masu nutso gawa suka je ɗaukowa. A kamarar ɗayansu za ka ga hannu ya fito daga cikin duhun ruwa ya kama nasa.

Na Hausa kuwa, ka san halin da dazuzzukanmu ke ciki yanzu. Kamuku da Rugu da Sambisa ba wuraren kai 'yan takara ba ne, akwai bayin Allah da ke kwana a cikinsu ba da son ransu ba, Allah ya kuɓutar da su. Amma ni ba gasa nake so a yi mana ba. Masanan muna da su, ba wanda ya ɗauke su ne. Akwai madugun da har yau ke jan ayarin raƙuma daga Agadas ya ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri. Akwai masuntan tafkin Chadi. Nan kusa da kai ma, a kasuwar Alaba Rago, na san wani dattijo da ya yi koren shanu a ƙasa tun daga Arewa har Kurmi yana saurayi, kafin tirela ta karɓe aikin. Ya taɓa ba ni labarin yadda suke gane ruwan da shanu za su sha da wanda za a kauce wa, da yadda ake kwana a tsakiyar garke a bar wuta tana hayaƙi saboda sauro da kura. Ya haura tamanin yanzu, kunnensa ya fara nauyi. Wayar da ke hannunka ta isa. Ka je bayan la'asar in kasuwa ta lafa, ka riƙe masa goro, ka zauna ta ɓangaren kunnensa na dama, ka fara da tambayarsa yadda suke haye kogin Kwara da shanu a Jabba.